Koren Zare

Litinin, 22 ga Afrilu, 2024

An koma makaranta. Zafi kamar a bakin murhu. Na buɗe ɗakin karatu na tarar ƙadangare ya mutu a bayan kanta, wari ya cika ko'ina. 'Yan aji biyu suka share suna ta ihu.

Raihana ce ta fara shigowa, kamar kullum. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba: "Malama, akwai sabuwar mota?" Haka muke ce wa sabon littafi, ni na koya musu tun suna aji ɗaya. Ɗakin nan tasha ne, kowane littafi mota, kowacce ta zaɓi inda za ta. Na ce ta yi haƙuri zuwa Asabar. Ta ce ta hau duk motocin tashar nan, wasu har sau biyu. Kuma gaskiya ta faɗa.

Idona na hagu yana damuna tun cikin azumi. Rashin barci ne, ina jin.

Alhamis, 25 ga Afrilu

Yau na koya wa sababbin 'yan ƙungiyar karatu yadda ake zaɓe. Wannan darasin na fi so a duk shekara. Ki ɗauko uku. Kada ki zauna. Ki karanta shafin farko na kowanne a tsaye. Wanda kika juya shafinsa ba ki sani ba, shi ne motarki, ki shiga, kada ki tambayi kowa. Wata 'yar ƙarama ta ce to in duka ukun suka juya fa? Na ce to kin shiga uku, ke da hutu sai a kabari. Suka yi ta dariya.

Ita ce kuma ta ja koren zaren da ke reto a ƙeyar littafi ta ce na mene ne. Na ba su labarin a taƙaice. Shekarun baya wani uba ya tsinci littafin ɗakin nan a jakar 'yarsa, da zance a ciki wanda bai dace da yarinya ba. Kwamitin iyaye suka rufe ɗakin shekara guda. Ni na tsaya gabansu na yi alkawari: ba littafin da zai sake fita sai na karanta shi da idona daga bango zuwa bango. Alhaji Badaru, shugaban kwamitin, mahaifin Raihana, ya ce, "To mu da ba mu yi boko ba, ya za mu gane wanda kika karanta?" Da na koma gida Iya, mahaifiyata, ta miƙo min allura da koren zare daga kwanon ɗinkinta. Tun daga ranar, duk wanda na gama sai na ɗinka masa zare a ƙeya, na bar jela.

Yanzu a Sandamu uwa ba ta tambayar sunan littafi. Juya shi take yi ta nemi zare. In babu, yarinya ta mayar.

Ina alfahari da abin nan fiye da takardar shaidata. Allah ya yafe min.

Asabar, 27 ga Afrilu

Daura, shagon Okechukwu a bayan kasuwa. Biro da alli da littattafan rubutu yake sayarwa, amma ɗan'uwansa kan aiko masa da buhun tsofaffin littattafai daga kudu, kuma ni yake ajiye wa. A nan Daura aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu malamanmu. Tun daga nesa ya ɗaga murya: "Jama'a ku ɓoye kaya, ga mai cinye littafi a tsaye ba ta biya ba!"

Ya zazzage buhun a tabarma. Wayyo. Ban san yadda zan rubuta abin da nake ji a irin wannan lokacin ba. Ƙamshin tsohuwar takarda, sunayen mutanen da ban sani ba a bangon ciki, wani ma da busasshen ganye a tsakiya. Ni da ban taɓa wuce Zariya ba, ga duniya a zube a gaban gwiwoyina, kowace hanya a buɗe, ban shiga ko ɗaya ba tukuna. Wannan ɗan tsakanin ya fi karatun kansa daɗi.

Na ware wa yara tari guda. Akwai wani mai shuɗin bango da hoton jirgin ruwa, na san Raihana za ta yi tsalle a kansa. Sai kuma wani mai kauri, bangon baya ya yage: wani tsoho ne ya bi kogi da ƙafa tun daga idon ruwan da ya haife shi, ya rantse sai ya ga inda yake shiga teku. Na juya shafi ban sani ba. Wannan nawa ne.

Oke ya ce, "Malama, me ya sa kike karkata kai kamar kaza ta hango shaho?" Na ce gyalena ne ke zamewa. Bai yi dariya ba.

Alhamis, 2 ga Mayu

Na yi karo da ƙofar ajin uku da kafaɗar hagu. Ƙofar da nake shiga kullum.

Talata, 7 ga Mayu

Katsina, wurin likitan ido. Na ce wa shugabar makaranta dubiya za ni.

Ya sa na jingina haɓa a wata na'ura, ya ba ni maɓalli, ya ce duk lokacin da na ga ɗigon haske in danna. Na zauna ina jira su kunna. Ashe tuntuni yake walƙawa.

Hawan jinin ido. Ya ce ya daɗe yana cin jijiyar a ɓoye, ba ciwo ba ja. Na hagu saura kaɗan. Na dama ya kama hanya. Ya rubuta maganin ɗigawa, ya ce yana rage gudun abin, amma wanda ya tafi ya tafi. Na tambaye shi karatu. Ya ce karatu ba ya ƙara shi, ba ya rage shi. Sai ya cire tabarau ya ce, "Ki karanta abin da za ki iya, Malama, tun kina iyawa."

A mota na yi ta kallon gonaki, ana sharar gona ana ƙone kara. Na rufe idon dama in gwada. Kamar mai leƙe ta bakin tulu.

Na ce wa Iya gajiyar ido ce. Ta dube ni, ta ci gaba da tsintar wake.

Juma'a, 10 ga Mayu

Ga yadda abin yake yanzu. Bayan la'asar, a gindin darbejiyar tsakar gida, haske yana min daidai na ɗan lokaci. Kafin rana ta sauka bayan katanga layuka sun fara hawa juna, kaina ya ɗauki sara. Shi ke nan rabona na yini. Da can a zama ɗaya nake cinye ƙaramin littafi.

Tarin yara yana gefen dama. Littafin kogi yana gefen hagu.

Yau na ɗauki na hagu. Gobe na yara.

Litinin, 13 ga Mayu

Ban ɗauki na yara ba.

Tsohon ya sauko daga duwatsu. Kogin a nan ɗan siriri ne, yana tsallake shi da taki ɗaya, yana yi masa magana kamar jikansa. Ya kwana wurin wasu makiyaya masu ajiye madara a cikin ƙanƙara. Na ji sanyin a haƙorana, ni da gumi ke bin bayana. Iya ta kira ni sau uku ban ji ba.

Raihana ta tare ni a bakin ofis. "Malama, mai jirgin ruwan nan fa? Na hango shi a jakarki ran nan." Na ce yana kan layi. Ta ce, "Direban ya yi barci ke nan." Yarinyar nan bakinta.

Alhamis, 16 ga Mayu

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Na buɗe mai shuɗin bangon. Na karanta farkonsa: yaro ya shiga jirgin ruwa neman yayansa. Na karanta ƙarshensa: ya same shi, sun dawo gida. Na dubi hotunan ciki. Na ce a raina na karanta irinsa ɗari, na san hanyar nan ko a duhu. Rana tana sauka, tsoho yana jirana a bakin kogi.

Na kasa zura zare a allura. Na gwada na gwada. Iya ta karɓa, ita da ta haife ni, ta zura a karo ɗaya. Ta ce, "Har kin gama wannan?"

Na ce eh.

Juma'a, 17 ga Mayu

Na ba Raihana. Ta sumbaci bangon, ta ja zaren da yatsa kamar yadda suke yi. Na kau da kai.

Laraba, 22 ga Mayu

Ruwan farko, mai ƙarfi. Ƙamshin ƙasa har cikin ɗaki. Gari duk an fita shuka. Kogin ya yi faɗi yanzu, akwai kwale-kwale, akwai garuruwa masu gidaje a kan itace. Ban tuna komai ba sai da na zo ɗiga magani.

Talata, 28 ga Mayu

Raihana ba ta zo ba. Ana tsakiyar darasi na uku masinja ya ce shugaba tana nemana.

Yayanta Kabiru, wanda ke kwaleji, ya zo hutun ƙarshen mako ya ɗauki littafin don ya kashe lokaci. A tsakiya akwai babin da jirgi ya tsaya a wata tasha, ma'aikatan suka shiga gidan giya da mata. An faɗi komai filla-filla. Ya kai wa mahaifinsu, ya fassara masa.

Shugaba ta buɗe min wurin ta ce in duba. Na riƙe shi a gaban fuskata ina gyaɗa kai. Ko layi ɗaya ban gani ba, ofishinta duhu gare shi.

Kwamiti zai zauna ranar Alhamis.

Alhamis, 30 ga Mayu

Dattawa a kan benci, ni a tsaye. Alhaji Badaru ya ɗaga littafin ta jelar zaren, kamar mai riƙe da mataccen ɓera.

"Malama, wannan ɗinkinki ne, ko wani ya kwaikwaya?"

Na ce nawa ne.

"Kin karanta shi?"

Shugaba, Allah ya saka mata, ta yi ƙoƙarin buɗe min ƙofa. Ta ce tsofaffin littattafan nan shafukansu kan manne, mutum ya tsallake bai sani ba. Wasu har sun fara gyaɗa kai. Da na yi shiru da an wuce wurin.

Na ce ban karanta ba. Farko da ƙarshe kawai. Na faɗi zancen likita. Na faɗi har da littafin kogi, ban san me ya sa ba, ba wanda ya tambaye ni. Wani tsoho a ƙarshen benci ya ce Allah ya ba da lafiya, sauran suka amsa ƙasa-ƙasa.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Na fi son ya yi faɗa. Sai ya ce, "Malama, da kin ce min idonki ya gaza, da ni zan kai ki Kano da motata. Babin nan, Kabiru ya ce ɗan kaɗan ne, ana iya yage shi. Zaren fa? Uwar yarinyar nan ko sunanta ba ta iya karantawa. Zaren kawai take dubawa. Gobe in ta ga zare, me zan ce mata?"

Har yanzu tambayar nan tana kunnena.

An rufe ɗakin karatu. Mabuɗi yana wurin shugaba. Duk littafin da ke waje a dawo da shi kafin Litinin.

Juma'a, 31 ga Mayu

Na gaya wa Iya duka. Kan maganar ido ta ce ta sani tun ranar Katsina. Kan ɗayar maganar ta ce, "Ni kika sa na zura wa ƙarya zare." Ta tashi ta ɗauke kwanon ɗinkinta daga ɗakina.

Litinin, 3 ga Yuni

Yara sun dawo da littattafan a layi, suna ajiyewa a kwali a bakin ofis. Wasu an cire musu zaren tun daga gida. 'Yar ƙaramar nan mai tambaya ta ce, "Malama, ban kai ƙarshe ba, ya tsira?" Na ce ya tsira. Ban ma ga wane littafi ne a hannunta ba.

Raihana ta dawo aji. Ta koma bencin baya. Da aka tashi na tsayar da ita, na fara ba ta haƙuri. Tana kallon ƙasa ta ce, "Malama, ni ban ma kai babin ba. Jirgin bai ko tsaya ba aka karɓe." An kwashe mata duk wani littafi da ba na aji ba, har waɗanda ta samu kyauta a gasar bara.

Talata, 11 ga Yuni

Darasi da ka nake yi yanzu. A allo ina rubutu manya-manya, sai daga baya in gane layin ya gangara kamar hanyar ruwa. Da can da sun yi dariya. Yanzu ba mai dariya. Wannan ya fi ciwo.

Na wuce ta gaban ɗakin. Zanzaro ya fara gini a jikin kwaɗon.

Lahadi, 16 ga Yuni

Babbar Sallah. An aiko da nama daga gidan Alhaji Badaru kamar kowace shekara, ba a rage ba. Na kasa ci.

Asabar, 22 ga Yuni

Oke ya aiko da gilashin ƙara girman rubutu ta hannun direban motar Daura, naɗe a jarida. Saƙon baki: wai in gaya wa Malama sabon buhu ya iso, ba zai buɗe ba sai ta zo, ko da shekara za ta yi.

Na gwada. Yana aiki. Kalma ɗaya tana cika gilashin, ƙatuwa, sai in ja zuwa ta gaba. Kafin in kai ƙarshen jimla na manta farkonta. Kogi ba ya tafiya kalma-kalma.

Alhamis, 27 ga Yuni

Tsohon yana kwance da zazzaɓi a wani ƙauyen masunta, inda kogin ya rabu biyu. Bai san wane reshe ne ke zuwa teku ba. Mako guda ke nan yana kwance a shafi ɗaya, saboda ni.

Don wannan na sayar da zaren. Ko rabin hanya ban kai ba.

Lahadi, 30 ga Yuni

Na sa littafin kogi ƙarƙashin katifa.

Iya ta ce, "Ki sa wani ya karanta miki mana, kamar yadda ake mana tafsiri." Na ce wanda ake karanta wa ba matafiyi ba ne, kaya ne, an ɗora shi a bayan mota an ɗaure. Ta ce kayan ma ai suna isa gari. Na shiga ɗaki na bar ta.

Talata, 2 ga Yuli

Likita ya ce na dama ya ƙara ja da baya kaɗan. Kaɗan. Ya canza magani.

Asabar, 6 ga Yuli

Da hantsi yaro ya shigo ya ce ana sallama da Malama. Alhaji Badaru ne a ƙofar gida, ƙafarsa duk taɓon gona. Na tsaya daga cikin zaure. Muka gaisa, ya tambayi ido, ya tambayi Iya, ya yi zancen ruwa da tsadar taki. Na ɗauka ya gama.

Sai ya ce, "Yarinyar nan ta daina magana a gida. Jiya na same ta a rumbu tana karanta buhun taki. Gaba da baya, Malama. Har da inda aka ce a nisanta shi da yara."

Na kusa dariya, sai hawaye.

Ya ce ya yi tunani a hanyar kasuwar Mai'aduwa. Idona ne ya tafi, ba kunnena ba. Raihana ta riƙa zuwa bayan la'asar tana karanta min a fili, a gaban Iya. In aka doshi wurin da bai dace ba, ni na san ƙamshinsa tun daga nesa, in ce ta rufe. Wanda muka kai ƙarshensa lafiya, shi zai kai wa kwamiti da hannunsa, a ga ko za su yarda da zare na biyu. Bai yi alkawarin komai ba.

Na ce zan yi shawara. Ya ce, "Ba alfarma na zo yi miki ba, Malama. 'Yata ce ke ramewa."

Alhamis, 11 ga Yuli

Ta zo. Na ciro littafin kogi daga ƙarƙashin katifa, tunda shi ne a hannu.

Bai yi daɗi ba ko kaɗan. Gudu take yi kamar ana korarta. Sunayen garuruwan duk ta karya su. Inda zan tsaya in ja numfashi ita ta wuce, inda zan wuce ita ta tsaya tambayar ma'ana. Muryar tsohon da na saba ji a kaina, mai kauri, mai nauyi, ta koma muryar 'yar aji biyar mai mura. Na yi ta gyara mata. Daga ƙarshe na daka mata tsawa, ni da ban taɓa yi wa ɗaliba tsawa a kan karatu ba.

Ta rufe littafin a kan yatsanta. Ta ce, "Malama, ni ma fa ban san hanyar ba. A tsakiya kika ɗauke ni."

Iya tana gefe tana ɓare gyaɗa, ba ta ɗago ba.

Juma'a, 12 ga Yuli

Na ba ta labarin daga farko: duwatsu, makiyaya, gidajen kan itace. Ban san na riƙe shi haka ba. Ta ce, "To ai ni zan ce ya bi reshen hagu." Na ce dama. Iya ta ce ku bar bawan Allah ya warke tukuna.

Laraba, 24 ga Yuli

Hagu ya bi. Ta yini tana min kallon nasara, ina jin kallon ko ban gani ba.

An yi hutu. Ɗakin yana nan a kulle, ba wanda ya ta da maganarsa a taron ƙarshen zango.

Talata, 30 ga Yuli

Yau na ce ta rufe. Tsohon ya sauka a wani gari mai tashar jiragen ruwa, wani ya ja hannunsa zuwa wata unguwa, na ji inda zancen ya dosa. Ta rufe nan take, ba musu. Na ɗauki gilashin Oke na bi shafin kalma-kalma, su biyu suna jira. Ba komai ba ne, gidan mai gyaran takalmi aka kai shi. Iya ta ce, "Kin tsayar da mota don akuya." Raihana ta yi dariya har da tari. Rabon da in ji dariyarta tun kafin damina.

Idon yau ba daɗi. Fuskarta ma sai na juya kai nake haɗa ta.

Alhamis, 15 ga Agusta

Mun isa teku.

Ba zan iya cewa na gan shi ba. Ana yayyafi, muna rumfa, gero ya rufe katangar baya. Ta rage gudu da kanta, ban ce mata ba. Tsohon ya cire takalmi ya shiga har gwiwa, ya ɗebi ruwan ya ɗanɗana ya nemi ɗanɗanon idon ruwan garinsu a ciki. Muryarta ta ɗan karye a wurin. Ita ma ba ta taɓa wuce Katsina ba. Ruwa na ta ɗiga daga indararo.

Iya ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito da kwanon ɗinki. Ba ni ta tambaya ba, Raihana ta tambaya: "Har ƙarshe?"

"Har ƙarshe, Iya. Ni shaida ce."

Iya ta zura, ni na ɗinka da lalube, na soki yatsa sau biyu. Raihana ta sa shi a jaka za ta kai wa mahaifinta. Littafi ɗaya. Kwali cike yana ofis, buhu yana Daura, kwamiti ba su ce komai ba, wataƙila ma ba za su ce ba. Likita kuma sai wata mai zuwa. Ban sa rai da yawa ba.

Har yanzu ina nan a kan bakana, sauraro ba karatu ba ne.

Kafin ta tafi ta shiga ɗakina ta ɗauko uku daga tarin nan na gefen dama, wanda na bari tun watan Mayu. Na ce ta zauna mana, tabarma ba ta jiƙe ba. Ta ce, "A tsaye ake zaɓe, Malama." Ta karanta shafin farko na ɗaya. Ta karanta na biyu. A na ukun, wata mata ce ta sauka daga jirgin ƙasa a garin da ba ta san kowa ba, da kejin tsuntsu a hannu, ba tsuntsu a ciki. Raihana ta kai ƙarshen shafin ta tsaya, ba ta juya ba.

Wai ni na ce, "Juya mana." Ita da Iya sun dage na faɗa. Ban tuna ba.

Gobe Juma'a ba za ta zo ba, sai Asabar. Asabar da nisa.

Gilashin Oke na nema ɗazu in mayar cikin jaridarsa, ban san inda na ajiye shi ba.